Nutso a teku da kuɗi kaɗan: Abin da littattafan jagoran matafiya ke faɗa da abin da suke tsallakewa

A jikin wani dutse da ke gaɓar Bahar Maliya, kimanin kilomita 8 arewa da garin Dahab na ƙasar Masar, an kakkafa wasu alluna na ƙarfe da na marmara, ɗauke da sunaye cikin harsunan Rashanci da Ingilishi da Jamusanci da sauransu.

Kowane allo na tunawa ne da wani mutum da ya shiga ruwan da ke ƙarƙashin dutsen, bai kuma fito da ransa ba.

Wurin shi ne Blue Hole, ma'ana shuɗin rami, wani makeken rami a tsakiyar duwatsun murjani, wanda zurfinsa ya haura mita 100. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne cewa mutane tsakanin 130 zuwa 200 ne suka halaka a cikinsa, abin da ya sa wasu ke yi masa laƙabi da maƙabartar masu nutso.

Duk da haka, da wuya a buɗe wani littafin jagoran matafiya kan ƙasar Masar ba a tarar da sunan wurin a jerin abubuwan da ake kwaɗaita wa baƙo ya gani ba. Akasarin waɗanda ke bin wannan shawara kuwa matasa ne 'yan yawon buɗe ido, waɗanda ke goya jakunkunansu a baya, suna kwana a masaukai masu sauƙin kuɗi, suna lissafin kowace dala kafin su kashe ta.

Asalin littattafan

Rubuta littafi domin yi wa matafiyi jagora ba sabon abu ba ne a Turai. Tun a shekarun 1830 Karl Baedeker na Jamus da John Murray na Birtaniya suka fara buga irin waɗannan littattafai, sai dai nasu na masu hannu da shuni ne.

A shekarar 1957 wani tsohon sojan Amurka mai suna Arthur Frommer ya fitar da littafin da ya nuna wa Amurkawa yadda za su zagaya Turai da dala 5 a yini. Amma babban sauyin ya zo ne a farkon shekarun 1970.

A 1972 wasu sabbin ma'aurata, Tony da Maureen Wheeler, suka taso daga London ta ƙasa, suka ratsa Turkiyya da Iran da Afghanistan da Indiya, suka isa birnin Sydney na Ostireliya da centi 27 kacal a aljihu. Yawan tambayoyin da mutane ke yi musu kan yadda suka yi wannan tafiya ya sa suka zauna a teburin ɗakin girkinsu suka rubuta wani ɗan littafi, Across Asia on the Cheap, wanda ya fito a 1973. Daga nan kamfanin Lonely Planet ya samo asali.

Littafinsu na biyu, kan kudu maso gabashin Asiya, ya fito a 1975, ya kuma zama abokin tafiyar kusan duk wani matashi Bature da ya nufi wannan yanki. A 1982 kuma aka kafa Rough Guides a Birtaniya, wanda ya fara da littafi kan ƙasar Girka.

Abin da waɗannan littattafai suka kawo shi ne bayani dalla-dalla: tashar da za ka hau mota, ƙarfe nawa take tashi, masaukin da ke da tsabta, gidan abincin da ba zai lalata maka ciki ba, da kuma farashin kowanne. Mai jakar baya ya daina buƙatar kamfanin shirya tafiye-tafiye.

To sai dai da dubban mutane suka riƙe littafi iri ɗaya, sai suka riƙa sauka a gari ɗaya, a titi ɗaya, a masauki ɗaya. Ƙauyen da marubuci ya yaba saboda ba kowa a cikinsa, bayan shekaru biyu sai ka tarar babu masakar tsinke.

Haka ta faru da Dahab, wanda asalinsa ƙauyen masunta ne na Larabawan ƙauye 'yan ƙabilar Muzaina. Baƙi sun fara zuwa can a zamanin da Isra'ila ta mamaye yankin Sina'i, daga 1967 zuwa 1982, suna kwana a bukkoki a bakin teku. Bayan yankin ya koma hannun Masar, yayin da Sharm el-Sheikh ya zama wurin manyan otal-otal, sai Dahab ya zama matattarar masu ƙaramin ƙarfi. Haka kuma ta faru da tsibirin Koh Tao na ƙasar Thailand da tsibirin Utila na Honduras. Waɗannan wurare uku sun shahara da abu guda, wato koyar da nutso cikin araha.

Kwana huɗu, takardar shaida

Nutso da tukunyar iska a baya, wanda Turawa ke kira sikuba, ya samo asali ne daga na'urar da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943. Na'urar ce ke rage ƙarfin iskar da aka matse a tukunya, ta miƙa wa mai nutso gwargwadon abin da huhunsa ke buƙata a kowane zurfi.

Da farko sojoji da masu bincike ne suka fi amfani da ita. Ƙungiyar PADI, wadda John Cronin da Ralph Erickson suka kafa a Amurka a 1966, ita ce ta rarraba horon zuwa gajerun darussa da kowa zai iya saye, kuma ita ce ta fi kowace yawan bayar da takardun shaidar nutso a duniya.

Matakin farko yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu. Ɗalibi zai yi karatu, ya nuna zai iya ninƙaya ta mita 200 ya kuma tsaya a saman ruwa na minti 10, ya yi gwaji a ruwa mara zurfi, sa'annan ya yi nutso sau huɗu a teku. Idan ya ci, za a ba shi takardar da ta ba shi damar nutsawa har mita 18. Mataki na biyu yana kai shi mita 30, yayin da mita 40 ce iyakar nutson nishaɗi baki ɗaya.

A tsibirin Koh Tao, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 21 ba amma yake da makarantun nutso da dama, an daɗe ana samun wannan horo a kan kimanin dala 300, wani lokaci har da wurin kwana. Wannan ya gaza abin da ake biya a yawancin biranen Turai nesa ba kusa ba.

Ita araha a karan kanta ba laifi ba ce, domin haya da albashi a waɗannan wurare ba su kai na Turai ba, ga kuma yawan ɗalibai. Manhajar karatun ma ɗaya ce ko'ina. Inda gizo ke saƙar shi ne a abubuwan da baƙo ba ya gani: yaushe aka yi wa na'urar shaƙar iska gyara na ƙarshe, yaushe aka sauya matatar injin da ke ɗura iska a tukwane, ko akwai tukunyar oksijin ta gaggawa a cikin kwale-kwale, da kuma yawan ɗaliban da ke hannun malami ɗaya. Ƙa'idar PADI ta yarda malami ya shiga teku da ɗalibai har takwas. Makarantar da ke tsayawa a huɗu dole kuɗinta ya ɗara, kuma mai lissafin dala yakan wuce ta ya nufi ta gaba.

Me ruwa ke yi wa jiki?

Domin fahimtar dalilin da ya sa waɗannan abubuwa suke da muhimmanci, sai an duba yadda ruwa ke danne jikin mutum.

A bakin teku, iskar sararin sama na danna jikin kowa da wani nauyi da ba ma jin sa saboda mun saba. Duk mita 10 da mutum ya nutsa a teku, sai a ƙara masa kwatankwacin wannan nauyi. Ke nan a mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu.

Abu na farko da hakan ke haifarwa shi ne saurin ƙarewar iska. Tukunya mai lita 12 da aka cika yadda aka saba tana ɗauke da iska kimanin lita 2,400. Mutumin da ke shaƙar lita 20 a minti zai yi awa biyu da ita a saman ruwa, amma a mita 30 rabin awa ce kawai. Idan tsoro ya kama shi ya fara haki, ba za ta kai haka ba.

Na biyu shi ne haɗarin riƙe numfashi. Wanda ya cika huhunsa a mita 10 ya taso sama bai fitar da iskar ba, iskar za ta kumbura ta ninka biyu, tana iya yaga huhun, kumfa ya shiga jini ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa. Wannan kan faru ko da a ruwa mara zurfi sosai, shi ya sa darasin farko da ake nanata wa ɗalibi shi ne kada ya taɓa riƙe numfashi.

Na uku ya shafi iskar naitirojin, wadda ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. A ƙarƙashin matsi, tana narkewa ta shiga jini da tsoka. Idan mutum ya taso a hankali, za ta fita ta huhu ba tare da wata illa ba. Idan ya taso da gaggawa kuwa, sai ta yi kumfa a cikin jiki, kamar dai yadda kwalbar lemo ke yi idan aka buɗe ta farat ɗaya. Sakamakon na iya zama ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa.

Tun a 1908 masanin Birtaniya John Scott Haldane ya fitar da jadawalin farko na yadda za a riƙa tasowa daki-daki. Bisa jadawalin da PADI ke koyarwa, mutum na iya yin minti 56 a mita 18, amma minti 20 ne kawai a mita 30. Ana kuma son ya tsaya na minti uku a mita 5 kafin ya fito.

Naitirojin na da wata illar kuma. Daga wajen mita 30 takan fara juya hankalin mutum kamar wanda ya sha abin maye: tunani ya yi nauyi, tsoro ya gushe, mutum ya ji babu abin da zai gagare shi.

Wannan shi ne sirrin allunan Dahab. A zurfin kimanin mita 55 a cikin Blue Hole akwai wata ƙofa, wadda ke ratsa dutsen tsawon mita 26 ta ɓulla cikin buɗaɗɗen teku. Ruwan garau yake, don haka hasken da ke ɗaya gefen yakan yi kamar yana kusa. Mai nutso da ya sauka can da tukunya ɗaya ta iskar da aka saba yana da ƙasa da minti 20 kafin ta ƙare ƙaf, hankalinsa ya riga ya gushe, sa'annan a daidai wannan zurfi ita kanta oksijin ta kai iyakar da masana suka gindaya, wadda bayanta takan iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wasu kan kasa ganin ƙofar, su ci gaba da gangarawa suna neman ta.

A ranar 28 ga watan Afrilun 2000, Yuri Lipski, wani malamin nutso ɗan shekara 22 mai takardar zama ɗan Rasha da Isra'ila, ya mutu a ramin, kyamarar da ke jikinsa kuma ta ɗauki yadda abin ya faru. Shi ba ɗan koyo ba ne. Masu nutso da ke ratsa ƙofar lafiya suna yin haka ne da tukwane da yawa, da iska ta musamman da aka gauraya da hiliyom, bayan horo mai tsawo. Dubban baƙi kuma na yin nutso a gefen ramin na sama kowace shekara su fito lafiya lau.

Ƙungiyar DAN, wadda aka kafa a jami'ar Duke ta Amurka a 1980 domin kula da lafiyar masu nutso, ta yi nazari kan mutuwar mutane 947 tsakanin 1992 da 2003. Ta gano cewa a kashi 41 cikin ɗari na waɗanda aka tantance musabbabinsu, ƙarewar iska ce ta fara jawo matsalar. Kifin shak da mutane suka fi tsoro ba ya ma cikin manyan dalilan.

Inda littafi ke gazawa

Kyawawan littattafan jagora sukan yi gargaɗi kan duk waɗannan abubuwa, kuma bai kamata a zalunce su ba. Matsalarsu ita ce ta lokaci da ta kuɗi.

Daga ranar da marubuci ya ziyarci gari zuwa ranar da littafi ya fito kasuwa akan ɗauki watanni da dama, sa'annan littafin ya yi shekara biyu ko uku ana sayar da shi. Su kuwa malaman nutso, akasarinsu matafiya ne su ma, sukan yi 'yan watanni su ƙara gaba. Makarantar da aka yaba bana, baɗi mai yiwuwa ta sauya mai ita da ma'aikatanta duka, sunan ne kawai ya rage.

Shi ma marubucin, wanda aka ba makonni kaɗan ya zagaye ƙasa guda, ba zai iya nutso da kowace makaranta ba, balle ya buɗe injinta ya duba. A 2008 wani tsohon marubucin Lonely Planet, Thomas Kohnstamm, ya tayar da ƙura da ya ce ya yi rubutu kan Kolombiya ba tare da ya taka ƙasar ba, saboda kuɗin da aka biya shi bai isa ba. Kamfanin ya mayar da martani cewa sashen tarihi kawai aka ba shi, wanda ba ya buƙatar tafiya. Ko ma dai yaya ne, lamarin ya sa masu karatu da dama sun fara tambayar yadda ake haɗa littattafan.

Intanet ta ƙara raunana kasuwar. Sashen kasuwanci na BBC ya sayi Lonely Planet a kan fam miliyan 130 a tsakanin 2007 da 2011, ya kuma sayar da shi a 2013 a kan fam miliyan 51 da rabi. A 2020 kamfanin ya koma hannun Red Ventures na Amurka. Yanzu matafiya sun fi dogara da shafuka irin su TripAdvisor, inda ɗalibin da ya yi kwana huɗu a ruwa ke yaba malaminsa saboda fara'a. Shi kuwa ba shi da abin da zai auna ingancin horon da shi, tunda bai taɓa ganin wani ba.

Akwai kuma haɗarin da tsarin littafin kansa ke iya jefa mutum. A babin Dahab, bayan bayanin nutso, galibi sai a kawo bayanin hawa Jabal Musa, wato Dutsen Ɗuri Sina, inda motoci ke kwasar baƙi da daddare domin su ga fitowar rana daga ƙololuwa. Tsayin dutsen mita 2,285 ne, kusan daidai da matsin iskar da ke cikin jirgin sama. Wanda ya yi nutso da rana ya hau dutsen da dare, naitirojin da ta rage a jikinsa na iya yin kumfa. Shawarar DAN ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, kafin a hau jirgi, kuma likitocin yankin na ba da irin wannan shawara game da dutsen. Mai ƙarancin kwanaki da kuɗi shi ne ya fi fuskantar jarabar haɗa biyun a yini guda.

Maganin wannan ciwo shi ne a saka mutum a wani ɗaki na ƙarfe da ake matsa iska a cikinsa, ana ba shi oksijin na tsawon sa'o'i. Akwai irinsa a Sharm el-Sheikh tun 1993, akwai kuma a Dahab. Kuɗin jinyar kan kai dubban daloli, kuma inshorar tafiya mai araha sau da yawa ba ta haɗa da nutso ba, ko kuma ta tsaya a wani zurfi da aka rubuta da ƙananan haruffa.

Jiragen ruwan da masu nutso ke kwana a cikinsu na tsawon mako su ma suna da nasu. A watan Yunin 2023 gobara ta kashe 'yan Birtaniya uku a wani jirgi kusa da Marsa Alam, a Nuwamban 2024 kuma jirgin Sea Story ya kife a wannan yanki da mutane 44, inda 11 suka mutu ko suka ɓace. Ba ƙasashe masu tasowa kawai abin ya shafa ba, domin a Satumban 2019 mutane 34 suka mutu a gobarar jirgin Conception a gaɓar California.

Ga mai tasowa daga nan

Ya kamata mai karatu a Kano ko Damagaram ya san cewa ba dominsa aka rubuta waɗannan littattafai ba. An rubuta su ne domin mai fasfo na Turai ko Amurka ko Ostireliya, wanda ake buga wa biza a filin jirgi, don haka babin biza shi ne na farko da ɗan Najeriya ko Nijar zai ajiye gefe ya tafi ofishin jakadanci ya tambaya da bakinsa.

Batun lafiya ma haka ne. Takardar tambayoyin da ake cikewa kafin horo tana tambaya kan asma da farfaɗiya da ciwon zuciya da hawan jini da ciwon sukari. Littattafan jagora ba kasafai suke ambaton ciwon sikila ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi kowace shekara a Najeriya. Likitocin nutso na hana mai wannan ciwo shiga ruwa da tukunya, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahala na iya tayar da shi. Mai ɗauke da rukunin jini na AS kuwa, ana so ya ga likita tukuna. Ana kuma shawartar masu nutso da su guji maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na mefulokwin, saboda jirin da yake sawa na iya rikicewa da alamun ciwon nutso.

A ɗaya gefen Bahar Maliya, gaɓar Sudan na da wasu daga cikin wuraren nutso mafi kyau a duniya. A Sha'ab Rumi ne Cousteau ya gina gida a ƙarƙashin ruwa a 1963, inda mutanensa suka zauna wata guda. Kusa da Port Sudan kuma jirgin Italiya mai suna Umbria na kwance tun watan Yunin 1940, lokacin da matuƙansa suka nutsar da shi da gangan da bama-bamai a cikinsa, don kada ya faɗa hannun Birtaniya. Ta wannan gaɓa ce, musamman tashar Sawakin, alhazan ƙasar Hausa da suka tafi a ƙasa suka riƙa tsallakawa zuwa Jidda, bayan sun shafe shekaru suna tafe suna ƙwadago a hanya, jikokin wasunsu kuma na can har yau.

Hukumar UNESCO ta saka tsibirin murjani na Sanganeb cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya durƙusar da harkar yawon buɗe ido a gaɓar, ko da yake tsofaffin littattafan da ke kan kanta har yanzu suna ɗauke da farashin kwale-kwale da sunayen masaukai a Port Sudan.